Ok, 'Yar Gidan Kuskure

Ranar Talata na tura wa wani da nake bi bashi saƙo mai tsawon kamu uku: sallama, gaisuwar iyali, tuni cikin ladabi, har da addu'ar buɗi. Bayan awa shida ya amsa da haruffa biyu: "Ok." Kuɗi kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Bahaushe in ya rasa yadda zai yi da kai sai ya tono asalinka, ni kuma da na rasa yadda zan yi da mutumin sai na tono asalin kalmar.

Ashe ba 'yar babban gida ba ce. An fara ganinta a jaridar Boston Morning Post ta Amurka ranar 23 ga Maris, 1839, lokacin da 'yan gayun birnin Boston ke yayin ɓata rubutu da gangan, su kuma taƙaita shi, don iyayi kawai. Suka kama "all correct", wato komai daidai, suka murɗe ta zuwa "oll korrect", suka tsame O da K. Kalmar da ke shelar komai daidai, ita kanta tun a zanen goyo kuskure ce!

Sa'o'inta na wannan yayi duk sun mutu ba a yaye su ba. Ita siyasa ce ta raine ta. A zaɓen 1840, Shugaba Martin Van Buren, wanda ake wa laƙabi da Old Kinderhook saboda garinsu a jihar New York, magoya bayansa sun riƙa kirari da O.K. Mutumin ya sha kaye, kalmar ta haye. Farfesa Allen Walker Read ne ya bankaɗo wannan asiri wajen 1963.

Da ta iso hannunmu sai ta sake sana'a. Uwargida ta jero cefane tun daga manja har daddawa, maigida ya ce ok, ma'ana "na ji, ban ɗauka ba." Tela ya ce ok, ka nemi tsohuwar rigarka ta Sallah. Budurwa in ta ce ok har da ɗigo, malam, fara shirya ban haƙuri. Ga mu da "to", wadda muryarta kaɗai ke faɗa maka yarda ce ko gatse, amma mun ajiye ta wai ta ƙauye ce.

Jiya na sake yi wa mutumina tuni. Wannan karon "K" ya turo. Har O ɗin ma ya riƙe.