Bazazzagi ya sayo katako, wai amo ya sayo

Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Labari ya iso mana Madadi cewa ka yi sayayya, har ka tara 'yan unguwarku a zaure kana nuna musu jitar bes, mai tsirkiya huɗu masu kauri da ke gurnani a ƙarƙashin kiɗa. An ce kuɗin da ka zuba a kanta zai sayi maraƙi a kasuwar Getso har a ba ka canji. Wannan bai dame ni ba, aljihunka ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne karatun da aka ce ka yi wa jama'a, wai sirrin amon jita a katakonta yake, wai shago-shago ka bi a Legas kana ƙwanƙwasa kowace da yatsa kana kara kunne kamar mai zaɓen kankana, har ka dace da nunanniya. Kuma suka gyaɗa maka kai. To ai dole, Zage-zagi ne, in dai an yi magana da dogon bayani sun yarda.

Na san inda ka tsinto wannan karatu, kuma a can inda ka tsinto shi gaskiya ne. Garayar maharba, gurmin 'yan kokawa, goge da kukuma, duk da cikinsu suke magana. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya tura iska, ta yi siriri da yawa. Sai ta miƙa rawarta ga jaki, jaki ya miƙa wa fata, fata da ƙoƙon duma ko akushin itace su kaɗa iskar da ke kewaye, sannan kunne ya ji. Shi ya sa mai goge yake wahalar neman fatar guza, shi ya sa komo, babbar garaya, ta fi ƙaramar kaurin murya, kuma shi ya sa da damina za ka ga makaɗi ya shanya kayansa a rana ko ya kara su kusa da wuta don fatar ta ɗame. A nan, wanda ya ƙwanƙwasa duma kafin ya saya ya san abin da yake yi. Kai kuwa sai ka ɗauki hukuncin duma ka yanke wa abin da ba shi da ciki.

Zare wayar jitar taka ka kaɗa ta a tsakar gida. Wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. Falle ne na katako, babu rami, babu fata. Wanda ya yaɗa irinta a duniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Wani Paul Tutmarc ya riga shi ƙera irinta a Seattle tun shekarun 1930, sai dai ba ta karɓu ba. A 1951 Fender ya fito da tasa mai suna Precision, domin makaɗan babban bes na tsaye, wanda ya kai tsayin mutum, sun gaji da ɗaukarsa, kuma ganguna da ƙahonni suna danne muryarsa. Dabarar ita ce fikof: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai, aka kwantar a ƙarƙashin tsirkiya. Tsirkiyar ƙarfe ce, in ta yi rawa a gaban maganaɗisun sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta tura iska. Maganaɗisu kuwa ƙarfe kaɗai ya sani. Katakon da ka biya wa sadaki, ko gaisawa ba sa yi.

In kana musu, masu ƙera abin sun riga sun yi maka gwaji. A 1956 kamfanin Fender ya koma amfani da wani itace mai suna alda a mafi yawan jitocinsa maimakon ash, saboda ya fi sauƙin samu da sauƙin fenti, kuma ba a ji duniya ta tashi ba. Kamfanin Danelectro ya riƙa yin nasa da allon garin katako da aka matse, mai arha, makaɗa suna rububinsu har yau. A 1969 kamfanin Ampeg ya fito da jitar Dan Armstrong wadda jikinta roba ce garau, kana hango rigar makaɗi ta cikinta. Farkon shekarun 1980 kuma Ned Steinberger ya yi tasa da haɗin roba da zaren gawayi, babu itace, babu ma kai. Dukkansu in an jona, bes kake ji. Da ka je da yatsanka ka ƙwanƙwasa ta Steinberger, da ka ce ɗanya ce.

Kada ka ce na yi maka zalunci irin na sarakai, zan ba katako ɗan haƙƙinsa. Wuyan jita yana shan kaɗan daga rawar tsirkiya, shi ya sa a wasu jitocin akwai gaɓar da amo ke saurin mutuwa. Nauyin itace kuma kafaɗarka ce za ta ba da labarinsa bayan awa uku a gidan biki. Babban abin da ya shafe mu a nan Arewa shi ne yanayi: hunturu ya busar da wuyan ya lanƙwashe, damina ta kumbura shi, tsirkiya ta yi nisa da wuya ko ta kwanta tana kaɗe-kaɗe a kan ƙarafan gaɓa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗan murɗawa a daidaita, na tabbata ba ka san tana ciki ba. Wani abin dariya ma, ɗaya daga itatuwan da masu ƙera jita ke sayowa daga Afirka ɗan uwan maɗaci ne, wanda muke shan sassaƙensa don ciwon ciki. Ka tafi Legas neman abin da danginsa ke tsaye a bakin titin garinku.

Yanzu zo mu je inda amon yake, wato hannunka, wanda shi ne ba ka ƙwanƙwasa ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, me ya riƙe ya zaga duniya? Kuntigi, gwangwanin kifi da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya. Ka ba mutum goma kuntigin nan, za ka ji ƙarar gwangwani sau goma, ba za ka ji Ɗan Maraya ba. A Amurka ma haka. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit, ciki har da What's Going On ta Marvin Gaye a 1971, da ɗan ali kaɗai yake fizgar tsirkiya, yatsa ɗaya tak. Jitarsa Precision ce ta 1962 da kowa zai iya saya a shago, tsirkiyoyinta sun tsufa sun yi dauɗa bai canza ba, ga soso a wajen jaki yana kashe amo da wuri. Har gobe makaɗa suna sayen irin jitar da irin tsirkiyar, suna cusa soso, amma nasa amon ya bi shi kabari tun 1983.

Larry Graham kuwa larura ce ta koya masa. Suna kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fincike ta sama da ɗan ali a madadin ƙarama. Daga nan aka sami salon mari da fizga da ya cika kiɗan fonk. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley shi kuma lallaɓa tsirkiya yake yi can kusa da wuya, a sami wannan amo mai taushi da nauyi da ke dukan ƙirji a kiɗan rege. Jaco Pastorius ya zare ƙarafan gaɓa daga wuyan tasa gaba ɗaya, ya bar yatsa yana zamewa yadda mai goge ke yi, ya koma kaɗawa dab da jaki, inda murya ke fitowa siririya mai kaifi. Wannan na ƙarshe ko yaron mai garaya ya san shi: kusa da jaki tsiwa, tsakiyar tsirkiya ladabi. Fata ko farce, ƙarfi ko lallashi, inda ka danne da inda ka saki, da yadda ka tsayar da tsirkiyar da ba ka so ta yi magana, duk nan ne. Na taɓa ganin hannunka a kan akushin fate, na san ƙarfi ba zai zama matsala ba. Lallashin ne nake jin tsoro.

Bayan hannu sai tsirkiya, kuma ita ce mafi arhar abin da zai sauya maka murya a yini ɗaya. Kowace tsirkiyar bes zare ne na ƙarfe da aka naɗe da wani. In naɗin shimfiɗaɗɗe ne mai santsi, amo ya fito a dunƙule, babu ƙara a samansa, irin na Jamerson da Barrett ke nan. In naɗin mulmulalle ne mai kaushi, sai ka ji ƙyalli da cizo. Kamfanin Rotosound na Ingila ne ya yaɗa wannan a 1966 tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who. Sabuwa tana da haske, tsohuwa tana dushewa, domin gumi da ƙura da maiƙo suna shiga tsakanin naɗin. Wasu makaɗan kan tafasa tsofaffin a ruwan zafi su ɗan farfaɗo. A hannun mai cin ƙuli-ƙuli a zaure lokacin hunturu, ban ba sababbi wata guda ba.

Shi kansa fikof ɗin, wurin da aka dasa shi ya fi sunan da aka rubuta a kansa muhimmanci, don abin da ke samansa kawai yake ji. Precision ɗaya gare ta a tsakiya, shi ya sa muryarta ta cika baki. Jazz, da Fender ya fito da ita a 1960, biyu gare ta, ɗaya wajen wuya ɗaya wajen jaki, ka gauraya yadda kake so. Sai dai in ka buɗe ɗaya kaɗai, tana tsinto gurnanin wutar lantarki. Wutar ƙasar nan sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, gaɓa ta uku a babbar tsirkiyarka kuwa sau 49. Saboda haka ranar da ka ji wani amo yana raka ka ba ka taɓa komai ba, kada ka ce albarkar katako ce. Janareto ne ya shiga ƙungiyarka, kuma ya fi ka riƙe kiɗa.

Ga wanda zai fi yi maka ciwo. An ce bayan ka gama da jitar kuɗi sun ƙare, sai ka jona ta da 'yar lasifikar da 'yan shayi ke saurarar waƙa da ita. Babbar tsirkiya a sake sau 41 take rawa a daƙiƙa, tsawon kowace igiyar sautinta a iska ya haura mita 8. Kafin a ji wannan sai an tura iska mai yawa, shi ya sa Ampeg ya fito da amfilifayar SVT a 1969 mai ƙarfin wat 300, da akwati mai lasifika 8. Ƙaramar lasifika ba ta iya furta asalin amon sam, 'yan rakiyarsa na sama take fitarwa, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin. Wato abin da 'yan zaurenku suka yaba, rabinsa su suka ƙirƙira a kansu. Sannan wuri ma yana da ta cewa. Ka ajiye akwati a kusurwar ɗaki, bango ya tara amo ya ninka, har ya zama ruri. Ka fito da shi fili irin na bikin ƙauye a Madadi ko Kabo, babu bango sai gonakin dawa, amon ya watse, a bar ka kana motsa yatsu kamar mai lissafin bashi.

Ka kuma makara da kusan shekara talatin. Tun wajajen fim ɗin Sangaya na 1999, fiyanon Yamaha ta mamaye situdiyoyin Kano, yaro ɗaya ya danna da hannun hagu bes ya fito, babu tsirkiya babu itace, mata suna rawa ba wanda ya tambayi wane daji aka saro shi. Masu riƙe da jitar bes da gaske yau sai ka leƙa majami'un Sabon Gari da Wusasa, ko ka tsallaka Nijar wajen irin su Tal National na Yamai. Wusasa kuwa tana bayan gidanka. Da ka sauke girman kan nan na mutanen birnin ilimi ka zauna kusa da wani matashi a can wata uku, da ka tsira da maraƙinka. Amma ina, tun zamanin Sarki Kanajeji ba ku jin magana sai Bakano ya zo da kansa.

Ga hukuncina. Jitar ba za ta koma ba, ka riƙe ta, wataƙila ma mai kyau ce, ba don dalilin da ka saye ta ba. Ka sa a daidaita mata wuya kafin sanyi ya shigo, ka nemi lasifikar da ta kai buhun gero, ka yanke farce, ka wanke hannu bayan fate. In watan Cika-ciki ya kama, ka biyo ta Rogo da Ƙaraye ka kawo mini kuɗin shara kamar yadda kakanninka suka saba, ka taho da ita a kafaɗa. Zan tara maka masu garaya su saurara. In suka tashi kafin ka gama, kuɗin sharar ya ninku.