Kaka, Mijinki Ya Biya Kuɗi Ya Yi Ƙwadago

Kuala Lumpur, Malesiya
Daren Talata

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Kaka,

Ina fata kina nan lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta taɓa ciwo ranar biki ba. Auta, na san ke za ki karanta mata. Ki zauna ta wajen kunnenta na dama, ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake inda na zolaye ta.

Takarda na zaɓa saboda a waya ba kya barina in kai aya. In na kira bayan isha'in nan, ku kuna shirin azahar, tambayoyinki uku ne ba sa canzawa: ka ci abinci, ka yi sallah, yaushe za ka yi mini kishiya. Kafin in buɗe baki kin miƙa wa wani wayar. To yau sai kin ji labarina har ƙarshe.

Kin san na sha yi miki kukan zafin garin nan. Ba irin namu na bazara ba ne da ke gasa mutum ya bushe. Wannan turara mutum yake yi kamar dambu a madambaci. Babu hunturu, babu hazo, shekara huɗu ke nan ban ga kaushi a ƙafata ba. Shi ya sa da Bazazzagin nan abokina ya ce akwai wani gari a kan duwatsu inda ake kwana da bargo, muka ce sai mun gani da idonmu. Mu huɗu muka tashi bayan an sauko daga Juma'a: ni, da Bazazzagin, da wani Babarbare ɗan Maiduguri, da wani Bafillace ɗan Gembu. Ki duba wannan haɗin, Kaka. Bakano da Bazazzagi a gaba, Babarbare da Bafillace a baya, cikin wata 'yar ƙaramar mota da ake kira Myvi, wadda in kika gan ta za ki ce akurkin kaji aka sa wa taya. Tun ba mu bar gari ba na bayan suka fara musun wane ne bawan wani.

Wurin sunansa Cameron Highlands, a jihar Pahang, tafiyar kilomita kamar 200 daga nan. Sunan wani Bature ne ɗan Birtaniya, William Cameron, mai aikin safiyo, wanda ya hau duwatsun a 1885. Daga baya Turawan mulki suka mai da wurin mafakarsu in zafi ya ishe su, kamar dai yadda suka ƙwallafa rai a kan Jos. Har garin Tapah hanya shimfiɗaɗɗiya ce, muna ta hira. Daga nan ne aka fara hawa, kilomita wajen 60, kuma ban ga inda titin ya miƙe ya kai tsawon zauren gidanmu ba. Kwana ce bayan kwana, kamar maciji ne ya yi musu awon hanyar. Dama dutse, hagu rami. Babarbaren da ya cika mu da labarin yadda yake zuwa Kano daga Maiduguri ba ya ko gyangyaɗi, shi ya fara cewa a tsaya. Sau uku muna tsayawa. A na uku har da ni, amma wannan ya tsaya tsakanina da ke da Auta.

A gefen hanyar akwai rumfunan mutanen da ake kira Orang Asli, wato 'yan asalin ƙasar, suna sayar da zuma da kayan daji. Nan na ga abin da ya sa na tuna da ke. Wasu dogayen kwasfa ne kore shar a rataye, ana ce musu petai. Na ɗauka na shinshina, sai na ji kamar na san warin nan. Ashe ɗan'uwan ɗorawa ne, danginsu ɗaya. Su ba sa jira ya bushe su dafa kalwar su yi daddawa. Ɗanyen ƙwayar suke soyawa da barkono su ci da shinkafa. Na yi wa mai rumfar bayanin yadda kike dafa kalwa ki rufe ta kwana da kwanaki har maƙwabta su san an yi, ya yi ta dariya, ban sani ba ko ya gane ko Malayancina ne ya ba shi dariya.

Bazazzagi kuwa duriyan ya saya. Wani ɗan itace ne mai ƙaya kamar bushiya, daɗinsa a baki, azabarsa a hanci. Otal-otal da yawa a ƙasar nan har alama suke mannawa cewa kada a shigo da shi. Shi wannan bawan Allah ya saka shi a but, muka rufe gilashi saboda ruwan sama. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Har muka mayar da motar ranar Lahadi ba ta daina wari ba, mai hayar ya leƙa ciki ya dube mu ɗaya bayan ɗaya bai ce komai ba.

Garin da muka sauka sunansa Tanah Rata. Na tambayi ma'anar sunan, aka ce wai "shimfiɗaɗɗiyar ƙasa". Kaka, mun yi kusan awa biyu muna hawa, mun kai tsayin sama da mita 1,400, kunnuwana sun toshe, a ce mini nan ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasa! Duk garin babban titi ɗaya ne, shaguna a jere, da masallaci, da tashar mota. Da muka shiga masauki, Babarbare ya ɗaga kai ya ga babu fanka, babu na'urar sanyaya ɗaki, ya ce an cuce mu, a dawo mana da kuɗinmu. Mai gidan ya yi murmushi kawai ya nuna masa inda barguna suke. Ƙarfe biyun dare na farka na ga wani tulin kaya a kan gado yana rawar ɗari: riga uku, hular sanyi a ƙarƙashin zanna-bukar, bargonsa da na Bafillace, har da dardumar sallah. Na duba waya, digiri 15 ne kacal. Sanyin da ba zai hana ki fita tsakar gida dama koko a watan Janairu ba. Amma jikin da ya shekara huɗu a madambaci ya manta.

Da asuba aka yi fatawa. Ruwan famfo kamar daga cikin randar ƙanƙara. Babarbare ya tsoma yatsa ɗaya ya fara kawo hujjojin taimama. Bafillace, wanda ya kwana da 'yar shara ba bargo, ya yi alwalarsa tsaf, sau uku-uku, har da tsefe gemu, sannan ya ce in bawa ya roƙi ubangidansa zai dafa masa ruwa. Sai da ya roƙa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna yadda nake ɓuya a bayan rumbu in Baba ya ce a tafi gona? Kin tuna ciwon cikin da ke kama ni duk ranar noman firi, ya sake ni da la'asar? Ke kike rufa mini asiri, ki ce a bar miki mijinki. To ranar Asabar, ni ɗin nan, na shiga layi, na zaro kuɗi daga aljihuna, na biya wani manomi don ya bar ni in shiga gonarsa in yi masa girbi.

Wallahi ba wasa nake ba. Wani ɗan itace suke nomawa, sitiroberi, ja ne kamar tsada amma ya fi ta girma, da ɗan tsami-tsami. A Filato ma ana noma shi. A ƙofar gonar an rubuta "petik sendiri", wato tsinka da kanka. Za a ba ka almakashi da ɗan kwando, ka bi layi-layi kana tsinka, in ka fito a auna a caje ka, kuma ya fi wanda aka riga aka tsinka aka ajiye a kan tebur tsada. Mai gonar yana zaune a inuwa yana danna waya, manyan mutane da 'ya'yansu sun taso tun daga Singafo suna yi masa aiki suna ɗaukar hoto. Na tsaya ina kallonsa, na ce wannan ko a Kantin Kwari sai a sara masa. Abin da na biya a kan 'ya'yan da ba su cika tafin hannu biyu ba ya isa goronki na wata guda. Ki gaya mini, da Baba zai kafa allo a gonarmu ya ce a zo a biya a roro wake, wa zai zo in ba awaki ba?

Ban gama jimamin wannan ba, da daddare muka shiga gidan abinci a Brinchang, garin da ke gaba, kilomita biyar kacal amma cunkoson motoci ya sa muka yi fiye da awa. Sanannen abincin wurin shi ne wanda suke kira sitimbot. Aka kawo tukunyar romo a kan risho aka dasa a tsakiyar tebur, aka jere mana ɗanyen kifi, ɗanyen kaza, ɗanyen ƙwai, ganye da taliya. Muka zauna muna jiran mai dafawa. Shiru. Ashe mu ne masu dafawar. Da safe na biya na yi girbi, da dare na biya na yi girki. Saura in biya in yi musu wanke-wanke. Bazazzagi ya juye komai a tukunyar lokaci guda, ya ce ai fate ne, su suka san kansa. Ban taɓa jin inda aka yi fate da jatan lande ba, amma sanyi ya sa muka shanye har romon.

Inda bakina ya mutu shi ne gonar shayi. Wani kamfani ne mai suna BOH, wanda wani Bature, J.A. Russell, ya kafa a 1929. Kaka, shayin nan da kike tsomawa a kofi kina cewa Auta ta cika madara, ganyen wata 'yar bishiya ce da ake aske mata kai daidai ƙugu don kada ta yi tsawo, sabon tohon kawai ake yanka. Tudu bayan tudu, iya ganinka, kore ne luf kamar an shimfiɗa darduma, gajimare yana wucewa ta ƙasan inda muke tsaye. Mu uku muna ta salati muna ɗaukar hoto. Bafillace ko wayarsa bai ciro ba. Can ya ce, "Shanu kawai babu." Wai haka Mambila take, tsayin kusan ɗaya, sanyin ɗaya, har gonar shayin akwai a Kakara. Ya ce dutsen Brinchang da ake ta yi mana kuri da shi bai wuce mita 2,000 da 'yan kai ba, alhali Chappal Waddi na Taraba ya kai 2,419. Daga nan ya koma gefe ya kira mahaifiyarsa, ko da yake a can ko asuba ba ta yi ba. Suka yi ta Fillanci. Babarbare, wanda bai bar shi ya huta ba tun Juma'a, wannan karon bai ce uffan ba.

Ni kuma kunya ta kama ni. Na ƙetare teku, na yi amai a hanya, don in ga abin da ke Taraba, inda ban taɓa takawa ba. Masu yankan ganyen ma da yawansu baƙi ne irinmu, daga Bangladesh da Nepal. Ɗaya ya gan mu da huluna ya yi mana sallama, da buhu a bayansa, a kan gangaren da ni ko tsayuwa ba zan iya ba. Ya tambaye ni shekara nawa rabona da gida, na ɗaga yatsu huɗu, ya ɗaga shida.

Ranar Lahadi kafin mu sauko, wata tsohuwar Land Rover ta hau da mu wani daji a ƙolin dutse, inda gansakuka ta lulluɓe kowace bishiya, hazo ya rufe ko'ina da rana tsaka. Direban ya ba mu labarin wani attajiri Ba'amurke, Jim Thompson, mai cinikin siliki a Tailan, wanda ya zo hutu yankin a watan Maris na 1967. Ya fita ɗan tattaki da rana, har yau ba a gan shi ba, duk da ɗaruruwan mutanen da suka bazama nemansa. Na san me za ki ce, mutanen ɓoye ne, kuma da kin ga dajin da kin ƙara da rantsuwa. Ana gama labarin muka waiga babu Bazazzagi. Muka yi ta kira. Babarbare ya fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Bayan minti goma sai ga shi ya ɓullo yana gyara tazuge, wai ya zaga ne. Na ce masa ko ɗauke shi suka yi dole su dawo da shi, don aljanu ma suna da hanci, kuma har lokacin warin duriyan yake.

Mai kawo miki takardar nan zai ba ki ƙunshi biyu. Ɗaya ganyen shayi ne daga gonar, ba na tsomawa ba, sai an tafasa an tace. Ɗayan matashin kai ne ja mai siffar sitiroberin, ki riƙa jingina gwiwar. Kada ki ba wa jikokin nan masu ƙwace mini ke. In zai dawo, a haɗo ni da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yajin nan naki mai citta, a ɗaure a leda uku.

Ki gaida Baba da su Umma, da Kawu, da duk mutanen gida. Batun kishiya kuma ki kwantar da hankalinki, wadda za ta ji na biya kuɗi na yi ƙwadago ba za ta aure ni ba. Auta, ke kuma in kin gama ki ninke takardar ki ba Kaka ta sa a ƙasan adaka. Kada Baba ya ji zancen gonar nan, don ranar da na sauka fartanya zai miƙo mini kafin ruwan sha.

Wassalam.

Naki har kullum,
Jikanki, kuma angonki na ƙasar waje