Na Je Ganin Teku, Na Tarar Ya Fita

Nijar ba ta da teku, amma kada wani ya ce ba mu san darajar tsibiri ba. Shekara da shekaru muna ja-in-ja da Benin a kan tsibirin Lete da ke tsakiyar kogin Isa, sai da aka kai ƙara kotun duniya a Hague, a 2005 alƙalai suka ce namu ne. Daga ranar zuwa yau ban ji ɗan garinmu Matameye ko ɗaya ya ce zai je can shan iska ba. Mu a nan, in ka ga ma'aikaci ya ɗauki hutu, to ko gona ce, ko gaisuwar mutuwa, ko masassara ta kada shi.

Furojen noman rani da nake wa aiki ne ya tura ni taro Darussalam, a Tanzaniya. Kafin tafiya wani abokin aiki ya nuna mini hoton wani otel a tsibirin Zanzibar: farin yashi, shuɗin ruwa, itacen kwakwa ya sunkuya. Ya ce a watan Afrilu har rangwame suke yi. Kuɗin guzuri ba za su isa ba, sai na shiga lallashin uwargida a kan ragon da take kiwo. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, ka sayar. Amma bashi ne, ba sadaka ba. Kuma Inna ce shaida."

Kano na nan kusa da mu, ka bi ta Ɗan Barto da Daura ka yi azahar a can. Amma tikiti ya ce Yamai, don haka na bi Takieta, Maraɗi, Konni, Doso, kusan kilomita 900 gwiwata na dungurin kujerar gaba. Daga nan Adis Ababa, daga nan taro, daga nan jirgin ruwa na wajen awa biyu zuwa Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Abin da ya faru tsakanina da cikina a jirgin nan, ni da ledar da aka raba mana muka sani. A bakin tasha aka nemi takardar inshorar da tun Oktoban 2024 suka wajabta wa kowane baƙo, dalar Amurka 44, wajen jaka 25 ke nan. Ƙafar rago ɗaya ta tafi ban ko ga otel ba.

Otel ɗin yana can gabar gabas, sai da mota ta bar kwalta ta shiga daji. Yarinyar da ta tarbe ni ta rataya mini fure a wuya, ni da furfurata, sannan ta shiga jera mini abubuwan alfaharinsu. Ɗakina bukka ce, rufin ganyen kwakwa. Babu talabijin. Babu rezo a ɗaki, don baƙo ya samu natsuwa. Da dare ana rage kuran a kunna fitilar ƙwai. Makewayi ba shi da rufi, don ka yi wanka kana kallon taurari. Abinci kuwa a waje ake ci, a kan yashi, ba takalmi. Tana faɗa tana murmushi, ni kuma ina lissafin gwamnatoci nawa muka zaɓa don su raba mu da waɗannan abubuwa.

Da magariba na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas, yadda kakana ya yi, yadda ubana ya yi. Na ɗaga hannu ke nan sai wani saurayi mai ɗauke da faranti ya ajiye, ya yi sallama, ya kama kafaɗuna cikin ladabi ya juya ni hagu. Ashe Zanzibar kusan tana ƙarƙashin Makka ne a taswira, alƙiblarsu arewa ce. Na yi sallar, amma har na sallame zuciyata na gaya mini Agadas nake kallo.

Saurayin nan shi ya zama gatana. Ba ya jin Faransanci, ba na jin Sawahili, Turancina na taro ne, sai muka riƙa haɗawa da ɗan Larabcin makarantar allo. Shi ya kawo mini abincin dare: wata halitta mai hannu takwas, an gasa ta, ta nannaɗe a faranti, kowane hannu da jerin ƙananan bakuna. Na san a mazhabar Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne. Amma halal daban, iya haɗiyewa daban. Wata Baturiya a teburin kusa, tana ɓare jatan lande da yatsu tana tsotsar kawunansu, ta tambaye ni me muke ci a ƙasarmu. Na ce fara, soyayya, da yaji. Ta dafe ƙirji ta ajiye cokali. Na dubi abin da ke hannunta, mai ƙafafu da gashin baki da idanu a waje, na ga bambancinsa da tamu kawai ita tamu ta iya tashi.

Sirrin rangwame ya fito da asuba. Daga Maris zuwa Mayu babbar daminarsu ce. Ruwa ya sauko irin wanda in ya sauka a Kantche sai an kwana ana barka. Turawa suka taru a ƙarƙashin rumfa, fuska a murtuke, wani har yana neman a mayar masa da kuɗinsa. Ni kuwa na fita na duƙa na tona ƙasa da yatsa in ga iya inda laima ta kai. Ruwan shuka ne sosai, yana zuba a banza a kan kujerun kwanciya. Da rana ta ɗan leƙo sai suka fito da gudu, suka tuɓe, suka shafa mai, suka miƙe a ƙarƙashinta. Ranar nan da na baro a gida tana haura digiri 40, wadda ko jaki ke neman gindin bedi saboda ita, ita mutane suka ƙetaro duniya suna biya a gasa su da ita.

Na ce to, ni dai teku ya kawo ni, shi kaɗai ne ba mu da shi. Na naɗe wando na fita da salula in ɗauki hoto. Babu teku. Wallahi babu. Inda jiya ruwa ke dukan matakala, yau fili ne fetal, jiragen kamun kifi sun kwanta a gefe a kan yashi, ruwan kuma yana can nesa, ɗan farin layi da ƙyar ido ke kai wa. Na koma da sauri na sami saurayina na ce an kwashe ruwa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna sama. Wata ne ke jansa, sau biyu a yini yake tafiya ya dawo, kuma a gabar gabas ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa yake nisa haka.

Can cikin filin na hango mata a durƙushe, da zannuwansu da lulluɓi. Gona ce. Sun kafa turaku, sun ja igiyoyi, sun ɗaura wata ciyawar ruwa a jiki, tana girma su cire su shanya, ƴan kasuwa su saye a kai waje a sa a man goge baki da kayan abinci. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke wannan sana'a. Gonar da ba ban ruwa, ba taki, ba awakin maƙwabta: ma'aikacin noman rani ina zai iya tsayawa daga nesa? Na nufe su ƙafa ba takalmi, tunda otel ya ce haka ake yi.

Ban kai ba na taka ta. Wata baƙar dunƙulalliyar aba ce mai ƙayoyi, kamar ƙarangiyar da ta yi shekara tana cin abincin gidan sarki. Ƙayoyin suka shige tafin ƙafa suka kakkarye a ciki. Salatin da na saki, na tabbata an ji shi a tsibirin Pemba. Wata dattijuwa ta taso ba gaggawa, ta kama ƙafata ta duba yadda ake duba kaza a kasuwa, ta aiki yaro ya tsinko ɗanyar gwanda. Ta tsaga bayanta da wuƙa, farin ƙaron ya ɗiɗɗigo, ta shafe wurin da shi tana yi mini faɗa da Sawahili. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na gane duka, don muryar Inna ce sak. Muna cikin haka teku ya tuna da gida. Kafin in ɗingisa rabin hanya ruwa ya kai gwiwa, sai samari biyu suka ɗauke ni cak, hula a hannu, salula a baki, Turawa na ɗaukar hoto.

Daren ƙarshe na kwana a cikin gari, Stone Town, a ɗan masaukin da kuɗinsa bai kai na karin kumallon otel ba. Nan ne na ji daɗin kuɗina. Lunguna ƙanana, ƙofofin katako masu sassaƙa tun zamanin da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya maido fadarsa nan a 1840, kiran salla ta ko'ina, ƙamshin kanumfari a kasuwa. A Forodhani, bakin ruwa, na ga ana matse rake a inji da citta da lemun tsami, na sha kofi biyu ina tunanin raken fadamunmu da muke ta tauna muna tofarwa. Wanda ya fito daga ƙasar da ake wata uku ba a ga rana sosai ba, otel ɗin can ya cancanci kuɗinsa, a bar shi ya gasu. Bamatameye kuwa ya tsaya a gari, in ya matsu da teku ya tambayi lokacin da yake gida.

Da na dawo, ƴan fada suka ce a kawo hotuna kafin shayi na biyu ya nuna. Salula ta zagaya hannu zuwa hannu. Ga bukka. Ga fitilar ƙwai. Ga yashi iya ganinka, ba ɗigon ruwa. Ga ni zaune, ƙafa naɗe da tsumma. Alhaji, wanda shi ya sayi ragon, ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini.

"Mushe, tsakaninka da Allah," ya ce, "wannan ba bayan Dungas ba ne?"

Uwargida kuma ta aiko yaro ya ce in na gama, Inna tana zaure tana jirana, ta zo da maganar rago.