Ayarin Hunturu da Mutanensa: Na Gaba ko Na Baya?

Da an gama kaka a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, gero da dawa sun shiga rumbu, sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka yakan ja baya, rafukan da suka raba ƙauyuka da damina su koma yashi, hanyoyin da ke ratsa tuddai da duwatsu su buɗe. Lokacin biki ke nan da ziyara da cin kasuwa da farauta, da kuma ta'aziyyar da noma ya sa aka ɗage. Akan haɗu mutum goma ko ashirin a fita tun da asuba, hazo ya rufe gari, kowa hannunsa a hammata. Abin da nake so in tabbatar shi ne, a irin wannan tafiya mun daɗe muna yaba wa wanda bai cancanta ba. Na gaba muke kira gwani, alhali ayari a hannun na baya yake. Hujjar tana cikin mutanen ayarin kansu, in aka dube su ɗaya bayan ɗaya.

A sahun gaba za ka tarar da Masanin Yanke. Shi bai yarda da hanyar da jakuna suka shekara ɗari suna bi ba. Da an bar gari zai ɗaga sanda ya ce, “Ku biyo ni, hanyag ga tun ina yaro nika bin ta.” Kafin hantsi ya kai jama'a cikin sarƙaƙiya, kowa na cire ƙarangiya daga ƙafar wando. Amma Masanin Yanke bai taɓa ɓata ba a rayuwarsa. Hanyar ce aka sake, ko kuwa masu gawayi sun sare itacen da yake alama da shi. Kusa da shi akwai Sarkin Sauri, wanda ya ɗauki zuwa ɗaurin aure tamkar gasar tsere. Zai yi wa mutane nisa, ya haye kan dutse ya zauna, ya sha ruwa, ya ci goro, yana kallon masu hawowa da idon tausayi. Da na ƙarshe ya iso yana haki, sai ya kakkaɓe riga ya miƙe: “To, mun huta, mu tahi.” Shi ya huta sau biyar, dattijon da aka jira ko zama bai yi ba. Na ukunsu shi ne Malam Mun-Kusa. Ko daga Daki Takwas aka taso za a Gummi, ko daga Anka za a Bagega, amsarsa ɗaya ce tun daga bakin gari: “Bayan tudun can na, Baba.” A haye tudun, wani ya bayyana, fuskarsa ko gezau. Duk ukun suna da ƙafa, suna da baki, amma a lura, babu ɗayansu da ya san adadin mutanen da ke bayansa.

Tsakiyar ayari ita ce kasuwar halaye. Nan Maƙiyin Sanyi yake, da riga uku, da hular sanyi a ƙarƙashin rawani, da safa, da bargon da ya yafa, ba a ganin komai nasa sai idanu. Rana na ɗagawa zai fara rabon kaya: “Ƙanena, ɗan riƙe min wannan.” Kafin azahar rabin ayari ɗan dakonsa ne, ba ko kwabo. Nan kuma Mai Ƙoshi yake, wanda ya ƙi ɗaukar guzuri don, a cewarsa, “ni ban cin komi bisa hanya.” Gaskiya ya faɗa, ba ya cin nasa. Da an kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ko an dama fura sai ya matso, wai zai ɗanɗana don kada a ce ya raina. Ga Sarkin Gaisuwa, mai dangi a kowace tunga. Ya gaida gida, ya gaida sanyi, ya gaida gajiya, ya tambayi lafiyar saniyar da aka sayar bara, ayari na tsaye a rana. Ga Mai Waya, wanda kowane tudu a wurinsa wurin neman sabis ne; ya ɗaga hannu sama yana juyi, in ya samu kuma ba wani saƙo zai isar ba, zai dai sanar da wani cewa ga shi a kan dutse. Ga Mai Ƙorafi, da faso a diddige da takalmin da ya tsinke tun a zangon farko, yana lissafa wanda ya kawo shawarar tafiyar da wanda ya goyi baya.

Akwai wani nau'in da wannan ƙasa ta fi wasu saninsa, wato Mai Idon Zinari. Ba ya iya wuce farin dutse bai ɗauka ya juya shi a rana ba, aljihunsa ya yi nauyi har rigar ta karkace. Ana yi masa dariya, amma dariyar tana da iyaka. A 2010 aka gano cewa duwatsun zinarin da ake kaiwa gida ana niƙawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega, suna ɗauke da gubar dalma, kuma yara aƙalla 400 suka rasu. Abokin tafiyar da zai ce masa ya zubar da dutsen tun kafin a shiga gari ya yi wa 'ya'yansa alheri.

Sai can baya, inda ƙurar kowa ke sauka. Nan mutum biyu suke. Ɗaya Mai Nawa ne: tsoho, ko mai ciwon gwiwa, ko yaron da aka ɗauko karon farko. Ɗayan kuwa lafiyarsa lau, da ya so da ya riga Sarkin Sauri hawa dutse, amma ya zaɓi zama a baya. Shi ke tsintar hular da ta faɗi, shi ke ɗaure wa Mai Ƙorafi takalmi da igiyar kaba, shi ke cewa, “Kawu, kawo buhun in taya ka.” Idan aka tsaya shi ke ƙirga kawuna. Ba shi da labarin da zai bayar in an isa, don bai ga komai ba sai ƙeyar mutane. A wurin biki Masanin Yanke ne zai cika zaure da bayanin yadda ya fid da jama'a daga dajin da shi ya shigar da su. Amma a yi lissafi: ba a cewa ayari ya sauka sai na ƙarshe ya ajiye kayansa. Saurin na gaba bai ƙara wa tafiyar taku ɗaya ba, tunda dole ya jira. Duk mintin da aka samu, daga baya aka same shi, wurin wanda ya rage wa Mai Nawa kaya.

Magabata sun san haka. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa Zamfara, su bi ta Jega ko Yawuri, su haye Kwara zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, sukan yi watanni a hanya, a wasu ayarin mutane fiye da 1,000. Suna da jagaba, wanda aikinsa sanin hanya da shiga gaba. Amma ba jagaba ne shugaba ba, madugu ne, kuma abin da ake tambayar madugu shi ne mutum nawa da jaki nawa ya fita da su, nawa ya dawo da su. Addini ma ya zo da wannan tsari. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba, kuma shi kansa yakan dakata a bayan ayari yana ƙarfafa mai rauni, yana ɗaukarsa a bayan abin hawansa. Sayyidina Umar kuwa, da wani ya zo yana yi wa wani shaidar kirki, cikin abin da ya tambaye shi har da ko sun taɓa tafiya tare.

Wani zai ce wannan magana ta lokacin zaman lafiya ce. Yau dazukan Anka da Bukkuyum ba wurin jan ƙafa ba ne. Mutanen yankin ba su manta da kisan da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukansu a watan Janairun 2022 ba, kuma wanda dare ya riske shi a hanya saboda jiran mai nawa ya sai da ransa. Wannan ƙorafi yana da nauyi. Sai dai abin da yake nunawa shi ne a fita da wuri, a bi hanyar da aka sani, a tambayi labarin gaba kafin a tashi, a fasa tafiyar in labarin bai yi daɗi ba. Bai nuna a bar mutum a baya ba. Ayarin da ya rabu biyu, na gaba bai san abin da ya sami na baya ba, na baya ba shi da mai kai masa ɗauki. Kuma in aka bi diddigin abin da ke sa dare ya yi wa matafiya, yanken Masanin Yanke da gaisuwar Sarkin Gaisuwa sun fi gwiwar tsoho cin lokaci.

Wani kuma zai ce babur ya kashe tafiyar ƙafa, don haka ana zancen abin da ya wuce ne. A tuna watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya. A tuna tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Ƙafa ba ta yi ritaya ba. Ko a kan inji ma halin bai sauya ba: idan motoci ko babura suka jeru za su Nasarawar Burkullu, za ka ga mai tsere ya ɓace a ƙura, ka ga mai cewa ya san yanke, ka ga kuma mutum ɗaya da ke tsayawa in tayar wani ta yi faci. Masu cewa rarraba mutane haka zunɗe ne, su kwantar da hankali, ba a kama sunan kowa ba. Mutum ɗaya ma yakan fita da asuba yana Maƙiyin Sanyi, da hantsi ya zama Sarkin Sauri, da la'asar ya koma Mai Ƙorafi, in Allah ya ba shi tsawon rai kuma ya ƙare a Mai Nawa.

Ba ina cewa a kori sauran ba. Ayarin da babu Malam Mun-Kusa, rabinsa zai juya tun a tudun farko. Sarkin Gaisuwa ne ke samo ruwan sha da labarin hanya a tungar da ba a san kowa ba. Mai Ƙorafi ne ke fara faɗin gajiyar da kowa ke ɓoyewa. Kowa da ranarsa. Amma idan za a zaɓi shugaban tafiya, ko na ƙungiya, ko na gari, kada a tambayi wanda ya riga kowa isa. A tambayi tsofaffi da yaran da aka yi tafiyar da su wanda ya tsaya musu. Kai kuma mai karatu, in hunturun bana ya haɗa ka da ayari, ka ɗauki guzurinka, ka riƙe bargonka da kanka, kuma kafin ka ce a tashi, ka bari na ƙarshe ya zauna ya sha ruwa.