Agola a Gidanmu

Mu nan tsakanin Batsari da Safana akwai mu da daɗin baki. Zauna majalisa bayan la'asar ka ji, kowa cewa yake ɗa na kowa ne. To bari a kawo tuwon dare, nan za ka gane agola ba tare da an nuna maka shi ba. Shi ake turo wa ƙanzo, shi kuma za a tasa da asuba ya kora awaki.

Shekaranjiya muna gindin darbejiya aka ɗauko zancen wani maƙwabcinmu. Ya saki matarsa da goyo, shekara bakwai ko sabulu bai aika ba. Yanzu da yaro ya isa riƙe fartanya, ga damina ta kawo kai, sai ga gogan naka da sabuwar hula, wai ya zo ɗaukar jininsa.

Wani dattijo ya ce, "Ai haka muka gada. Da an yaye yaro, na ubansa ne."

Wani malami a cikinmu ya yi murmushi. "Baba, wannan gadon ba a littafi kuka same shi ba. A duba Risala. A Malikiyya uwa ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta yi wani aure, kakar yaro ta wajen uwa ke karɓa. Ci da sutura kuwa suna wuyan uba, ko ina yaron yake kwana."

Majalisa ta yi tsit, don rabinmu akwai bashin a kansu.

Kotu kam ba mu cika zuwa ba. Mace ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali, sai dangi su ce ta yi masu tonon silili. Wurin mai unguwa ake zuwa, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a dangana da fadar Sarkin Ruma ko ta Yariman Katsina, a yi sulhu, uba ya yi alkawarin buhun gero duk kaka. Na shekarar farko yakan iso.

Agololin yanzu kuwa ba mai zuwa ƙwatarsu. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan bakin Dajin Rugu, daga Runka har Ruma, mata nawa suka fita takaba da yara uku, huɗu? Duk mai neman aurensu ya san da rakiya za a tare, ya kuma san yaran ba su da gado a gidansa, sai dai wasiyya cikin sulusin dukiya.

Akwai wani a layinmu da ya auri mai 'ya'ya huɗu. Mun sha yi masa ba'a, muna cewa makarantar allo ya auro. Jiya da hantsi na wuce ta gonarsa, na tarar da su biyar sun jeru suna huɗa. Na dawo gida na iske nawa, na cikina, kwance a zaure suna latsa waya.