Jinjina ga masu sayar da ɗaki kafin a yi rufi

Ranar Asabar da la'asar na zauna a LeBauer Park, cikin tsakiyar Greensboro, ƙarƙashin ragar nan mai launi-launi da aka rataya a sama, ɗan ƙanwata na gefena ya duƙufa kan Nintendo Switch yana buga Pokémon Scarlet. Na yi kuskuren ce masa na zamaninmu ya fi. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kawu, naku fa ko launin kirki babu." Na yi shiru na auna maganar, na ga yaron nan ya fi ni gaskiya. Shi ya sa na zo in janye kalamaina a bainar jama'a, in kuma yaba wa Game Freak, kamfanin Japan da ke ƙera wannan wasa tun 1996.

Mu dai an cuce mu muna yara. Pokémon Gold da Silver da suka fito a Japan a 1999, suka iso Amurka a 2000, ɗan kaset ne da bai wuce megabait 2 ba, amma masu shi ba su da tausayi. Ka gama yankin Johto, ka karɓi lambobin yabo takwas, kana shirin miƙe ƙafa, sai a ba ka tikitin jirgin ruwa a ce ga Kanto can, ƙasar wasan farko, je ka nemo wasu takwas. Ko sisi ba a ƙara maka ba. Wane irin rashin sanin darajar kuɗi ne wannan? Ka gama wannan ma, ka hau dutsen Silver, ka tarar da Red, jarumin wasan farko, a tsaye da Pikachu mai mataki 81, ya yi maka dukan kawo wuƙa. Kafin nan kuwa saniyar mai horo Whitney, Miltank, ta riga ta sa yara da yawa kuka a garin Goldenrod, da baturan Game Boy suna ƙarewa a hannu. Yanzu an raba yara da wannan azaba. Tun daga Sword da Shield na 2019, dabba ɗaya ke shiga faɗa, sauran biyar na kwance a aljihu suna samun lada, kuma babu maɓallin hanawa. Noma na mutum ɗaya, girbi na gayya.

Ladabi ma ya ƙaru. A da, da zarar kun haɗa ido da wani mai horo a hanya, faɗa ya kama. A Scarlet da Violet kuwa mutum zai tsaya kamar dogari har sai ka je ka yi masa sallama. Gidajen gari ma galibi a rufe suke, ba ka faɗawa ɗakin mutane kai tsaye kamar yadda muke yi a da ba tare da izini ba. Yawancin shaguna ka tura ƙofa, sai jerin kaya da farashi ya fito, babu kanta babu mai kanti. Kaya kuwa na makaranta ne, kala huɗu, na kowane lokacin shekara. Tarbiyya ke nan.

Amma babban abin yabo shi ne ranar 18 ga Nuwamba 2022, ranar da aka saki Scarlet da Violet. Cikin kwana uku an sayar da kwafi sama da miliyan 10, abin da Nintendo ta ce ba ta taɓa gani ba a kan wata na'urarta. A cikin kwana ukun nan intanet ta cika da bidiyon abin da mutane suka saya. Ga jarumi ya nutse cikin ƙasa yana ta faɗawa cikin sarari. Ga wani ya miƙe ya yi tsawon bishiyar giginya. Ga fankar injin iska ta garin Artazon tana juyawa da tsalle-tsalle kamar agogon bango da batirinsa ya yi sanyi. Ga ɗalibai a aji suna kaɗa ƙafa, motsi ɗaya, hutu, motsi ɗaya. Masu hassada suka kira wannan kurakurai. Ni a wajena kyauta ce, domin mu a Red da Blue sai mun yi ta iyo a gefen tsibirin Cinnabar kafin mu ga aljani ɗaya tak, MissingNo. Su kuwa yaran yau an zuba musu aljanu a kowace kwana, duk a cikin dala 60 ɗin. A farkon Disamba Nintendo ta fito ta ba da haƙuri. Mai kaya da ya karɓi kuɗi ya kuma ba da haƙuri, me ya rage kuma?

Kada wani ya kawo mini zancen Zelda. Na sani, Breath of the Wild ya fito a kan wannan na'ura tun 2017, da duwatsu da ciyayi da ruwan sama, yana tafiya lafiya. To ai ba kowa ne ke son fariya ba. Akwai kunya a cikin ciyawar Paldea, ƙasar Scarlet da Violet, da ke ɓoyewa har sai ka matso kusa kafin ta fito. Akwai kawaici a wurin Ryme, tsohuwar mai gambara ta garin Montenevera, wadda za ta hau dandamali ta riƙe makirufo, baki na motsi, jama'a na tafi, murya babu. Shekara ashirin da shida ana wasa ba a taɓa damun maƙwabta da surutu ba.

Sai batun dabbobin. Daga 151 sun haura 1,000, amma tun 2019 aka daina barin mutum ya shigo da dukkansu cikin wasa guda. Waɗanda ba a ba izinin shiga ba, akwai musu masauki mai suna Pokémon HOME, inda ake biyan haya in garken ya yi yawa. Ƙarashen labarin Paldea ma an ware shi daban, dala 35, ya zo kashi biyu a 2023. Ina kallon mutum-mutumin wandon jins da ke tsaye a titunan garin nan, ina tausaya wa masaƙar White Oak da aka rufe a ƙarshen 2017 bayan shekara fiye da ɗari tana saƙa yadin jins mai ƙarko a nan. Da sun samu mai ba su shawara, ai da wando mai ƙafa ɗaya suka riƙa fitarwa, ƙafa ta biyu ta biyo baya da kaka a kan nata farashi.

Kuma Allah ya sani sun cika alkawarin gyara. A watan Yuni 2025 aka fito da Switch 2, aka ba Scarlet da Violet gyara kyauta, wasan ya koma yana gudu sumul, fankar Artazon na juyawa kamar ta mutane. Kyauta fa, ko kwabo ba za ka biya ba, in dai ka sayi sabuwar na'urar da aka fito da ita a kan dala 450.

Muna tafiya kan titin Elm za mu inda na ajiye mota, yaron ya rage sauri ya kamo hannuna, abin da ya daina yi tun yana aji biyu. Ya ce, "Kawu, ka san ranar haihuwata ta kusa ko?" Na ce na sani. Ya ce ai ba wani sabon wasa yake so ba, wannan ɗin dai yake so ya gani yadda aka yi niyyar ya kasance.