Wa Ya Ƙona Shinkafar?

Ɗan ƙanwata a Gadarif ya kama koyon Japananci a waya, wai tunda Toyota ce ke kwasar buhunan riɗi zuwa kasuwa, gara ya ji harshen masu ita. Ranar da na sauka gidansu, a zafin watan Afrilu da ko ƙadangare ke neman inuwa, uwarsa ta bar masa tukunyar shinkafa a kan gawayi ta leƙa maƙwabta.

Ƙauri ne ya tashe ni daga tabarma. Na tarar da shi tsugune gaban murhu, ido a waya, hayaƙi na tashi ta bayan kunnensa.

"Kawu, ka san Japanawa kalma biyu gare su? Kogeru, abu ya ƙone da kansa. Kogasu, wani ne ya ƙona shi."

Na ce to Malam, wannan wacce ce?

"Kogeru ce, Kawu."

Wato sai da yaron nan ya je har Tokyo ya samo abin da kowane ɗan Bahaushe ya iya tun yana rarrafe: tulu ya fashe, akuya ta kwance, ba mai laifi. Ya nuna mini harafin, tsuntsu ne a sama, ɗigo huɗu na wuta a ƙasa. Ya ƙara da cewa ƙanzon shinkafa okoge suke ce masa, kuma marmarinsa suke yi.

Uwarsa ta shigo, ta buɗe tukunya, ta dube shi.

"Sai ka kai musu can," in ji ta, ta miƙa masa soso.